Tambayoyinku kan waya da kwamfuta: bairos ɗin da in an goge sai ya dawo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Saƙonnin wannan satin da yawansu kuka ɗaya ne, bairos, shi yasa na haɗa su waje guda. Masu tambayar wayar da ke zafi da zuƙe caji ku ƙara haƙuri sai karo na gaba in Allah ya kaimu.

Tambaya: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye wajen Ringim, ina da laftof ta hannu mai Windows 10 da nake buga jarabawar yara da ita. Duk filash ɗin da na saka sai foldojina su koma shotkot, in na danna sai wani baƙin abu ya gifta ya ɓace. Na kai wa wani yaro cikin gari ya sa min antibairos ya ce ya fita, ba a yi sati ba ya dawo. Har fomat na yi wa filash ɗin amma a banza. Ko dai kwamfutar ce ta tsufa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri kan ɗawainiyar yaranmu. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, ba tsufa ba ne, kuma albishirinka takardunka suna nan ba a cinye su ba. Abin da wannan bairos ɗin yake yi shi ne ya ɓoye foldarka ta gaskiya, sai ya ajiye shotkot mai irin sunanta sak, in ka danna sai ya fara tayar da kansa tukuna sannan ya buɗe maka foldar don kar ka zargi komai, to wannan baƙin abin da kake gani yana giftawa shi ne lokacin da yake shiga. Daga nan sai ya kwafi kansa cikin foldojin Windows masu suna AppData ko Temp, ya rubuta sunansa cikin abubuwan da ke tashi tare da Windows, ya zauna yana jiran filash. Kaga kenan in ka yi fomat ɗin filash a kan kwamfutar da yake ciki, kafin ka zare ta ya sake zubawa. In kuma kwamfutar aka wanke aka bar filash, ranar da ka je firintin ka dawo ka danna shotkot shikenan an koma gidan jiya. Kamar kuɗin cizo ne, ka shanya katifa a rana alhali suna cikin tsagar gado. Dole a bi duka biyun a zama ɗaya, kuma kwamfuta ake fara bi.

Da farko zare duk wani filash, memori da waya daga jikinta. Sai ka shiga Control Panel ka cire antibairos ɗin da yaron nan ya sa maka, eh cire shi nace. Windows 10 tana zuwa da nata mai suna Microsoft Defender, kyauta ne kuma yana aiki, amma da zarar an saka wani sai ya ja gefe ya bar masa fili, to in wanda aka saka ɗin na kirak ne, wato na sata da aka fasa don kar a biya, ko ya shekara bai ga afdet ba kaga an kori mai gadi an ajiye hotonsa. Kunna hotspot na wayarka, in sabis ɗin garinku na wasa ne ka bari sai dare ko ka je inda yake kamawa, ka buɗe Windows Security, ka shiga Virus & threat protection ka yi afdet. Kafin ka fita daga nan danna Manage settings ka gangara ƙasa har Exclusions. Wannan wajen mutane basa dubawa, kuma nan ake yin ta'asar, domin duk foldar da aka rubuta a ciki Defender ba ya taɓa ta, wasu bairos ɗin da kansu suke rubuta gidansu a wajen, wani lokacin ma ka tarar an sa C: gaba ɗayanta, wato ɓangaren ma'ajiyar da Windows take ciki. Duk abin da ka gani wanda ba kai ka sa ba, cire shi.

Yanzu sai babban aikin. Koma baya ka danna Scan options, ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi da kanta ta yi bincike kafin Windows ta gama farkawa, lokacin bairos ɗin bai tashi ba balle ya ɓuya ko ya riƙe fayil ɗinsa ya hana a goge, wannan shi ne bambancinsa da sikanin ɗin da aka yi maka a baya. Yakan ɗauki kamar minti 15, a tsohuwar laftof ya fi haka, don haka kar ka fara sai batir ya cika, in batirin ya mutu ne sai a jikin wuta take aiki to ka kai ta shagon mai caji ko ka bari rana ta take sola ta ɗauka sosai.

Da ta dawo, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. In kaga wscript.exe ko Microsoft Windows Based Script Host yana gudu alhali ba ka buɗe komai ba, ka tsayar da shi da End task. Tsayarwa kawai nace, kar ka bi shi cikin foldar Windows ka goge, shi kansa na Windows ne, hayarsa bairos ɗin yake yi. Shiga Startup a nan cikin Task Manager ɗin, duk wani suna marar kan gado irin haruffa a cakuɗe ko wanda ba a rubuta kamfanin da ya yi shi ba, ka yi masa Disable. Sannan danna maɓallin Windows da R, rubuta shell:startup, in ka samu fayil mai ƙarewa da .vbs ko .js a ciki goge shi. Masu taurin kai kuma a Task Scheduler suke maƙalewa, su sa wa kansu lokaci duk bayan wasu mintoci su sake tashi. In kana da data sauke Autoruns daga shafin Microsoft, ɗan ƙarami ne, shi zai baje maka duk waɗannan maɓoyar a allo ɗaya, amma ka tsaya kan cire alamar da ke gefen abin da kake zargi, kar hannu ya yi ta gogewa.

Sai yanzu filash. Saka ta amma kar ka buɗe, danna mata hannun dama ka yi sikanin da Defender. Duba harafin da ta ɗauka, a ce E ne. Danna maɓallin Windows da R ka rubuta cmd, a baƙin allon da zai buɗe ka rubuta wannan daidai yadda yake da tazararsa:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Danna Enter ka ɗan jira, za ka ga foldojinka sun fito, wani lokacin duk suna cikin wata folda marar suna. Kwashe takardunka kawai, na Word da PDF da hotuna, ka bar duk shotkot da duk abin da ba ka sani ba, sannan ka yi mata fomat. Kuma duk filash ɗin gidan da na malaman da kuke musayar aiki sai an yi musu haka, har memorin da ake kaiwa wajen masu turi, in aka bar guda ɗaya aikin banza aka yi. Ni shawarata ma ka daina kai filash firintin, maida jarabawar PDF ka tura wa mai shagon ta WhatsApp, kwamfutar da filash ɗin gari guda ke shiga kullum ba yadda za a yi ta zauna lafiya ko da mai ita ya iya aikinsa.

Tambaya: Malam ina wuni. Kwamfutar gidanmu ce a wajen Birnin Kudu, yara ke kallo da ita. Kullum sai saƙo ya fito ta ƙasa gefen dama wai an gano bairos biyar, in danna in biya a cire. Jiya har na ɗauko katin ATM sai maigidan ya ce in tambaya tukuna.

Amsa: Lafiya lau Hajiya, ki gaida maigidan ki ce ya kyauta. Kar ki sa kati, kar ki danna. Wannan galibi ba bairos ba ne ma, tallan 'yan damfara ne, suna aron tambarin sanannun kamfanonin antibairos don su tsorata mutum. Yaran ne suka shiga shafin kallon ƙwallo ko sauke fim aka ce su danna Allow, suka danna, shi ne shafin ya samu izinin turo saƙo. In kin duba ƙasan saƙon da kyau za ki ga sunan Chrome da adireshin wani shafi a rubuce ƙanana. Buɗe Chrome, Settings, Privacy and security, Site settings, Notifications, ki cire duk shafukan da ke jerin waɗanda aka ba izini, ki kuma zaɓi kar a bar kowane shafi ya turo. In bayan haka tallan bai daina ba sai a sauke AdwCleaner na kamfanin Malwarebytes, kyauta ne, a bar shi ya share.

Tambaya: Oga ina cikin tashin hankali. Ina da ɗan shagon buga takardu a wani gari kusa da Gwarzo. Na sauke CorelDraw na kirak, washegari duk fayil ɗina sun ƙi buɗuwa, an ƙara wasu haruffa huɗu a ƙarshen sunan kowanne, kuma ko'ina akwai wata takarda _readme.txt wai in biya dala. Aikin mutane ne a ciki, katin biki, satifiket, hotunan fasfo. Na yi sikanin ya ce ya cire bairos amma har yanzu basa buɗuwa.

Amsa: Innalillahi, sannu ƙanina, Allah ya mayar da alheri. Ba zan ɓoye maka ba, naka ya fi na Malam na sama nauyi. Alamun da ka faɗa na STOP/Djvu ne, mai garkuwa da fayil, tun wajajen 2018 yake yawo kuma babbar hanyarsa ita ce kirak da waɗannan abubuwan kunna Windows da Office na bogi. Wasiƙar tasu da aka fi sani tana neman dala 980, wai in ka yi magana cikin awa 72 su bar maka 490. Shi wannan kulle fayil ɗin yake da makulli, cire bairos ɗin ba ya buɗe su, sikanin ɗinka bai yi ƙarya ba, ɓarawon ya fita ne da makullin a aljihu.

Kar ka biya, ba wanda zai tsaya maka in sun karɓa sun yi shiru. Kuma duk wanda ya biyo ka inbox yace zai buɗe maka in ka tura kuɗi, shi ma ɗan uwansu ne. Abin da za ka gwada, kamfanin Emsisoft yana da manhajar buɗewa kyauta ta wannan iyalin, amma tana aiki ne kawai in lokacin da aka kulle bairos ɗin bai samu ya gana da masu shi ta intanet ba, sai ya yi amfani da makullin gama-gari. Duba ID ɗin da ke ƙasan wasiƙar, in ya ƙare da t1 akwai ɗan fata, in ba haka ba gaskiya da wuya. Akwai kuma shafin No More Ransom da 'yan sandan Turai da na Holan suka buɗe da wasu kamfanonin tsaro a 2016, ka leƙa. Ko ba su buɗu yau ba kar ka goge su, kwashe su a wani hard disk ka ajiye har da wasiƙar. Sannan ka bi WhatsApp da imel ɗinka, yawancin hotunan fasfo da katin biki ta nan kwastomomi suka turo ko ka tura musu, za ka tsinci da yawa.

Abu mafi gaggawa wanda ba ka tambaya ba, irin wannan yakan shigo da abokin tafiya mai satar kalmar sirrin da aka ajiye a burauza. Yau ɗin nan, daga wayarka ba daga kwamfutar ba, canja na Gmail da Facebook da duk wani abu na banki ko POS da ka taɓa buɗewa a kanta, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Ita kuma kwamfutar ni ba zan yarda da ita ba sai an sake mata Windows.

Tambaya: Malam tawa Windows 7 ce, sau biyu ana min fomat a kasuwa bairos na dawowa. Daga Sumaila.

Amsa: To ɗan uwa, abu biyu ne. Yawanci in an ce fomat, C: kawai ake sharewa a bar D:, kai kuma kana komawa gida ka buɗe tsofaffin setup ɗinka da ke D: ka dawo da shi da hannunka. Wani lokacin kuma filash ɗin mai gyaran ce da kanta, da ita yake zuba wa kowa manhajojin kirak. In za a sake, kwashe takardu da hotuna kawai banda duk wani .exe, a goge duka fatishan, wato C: da D:, a sa Windows ɗin da aka sauke daga Microsoft da Media Creation Tool a filash mai 8GB, kuma ka tsaya a wajen ka ga me ake zubawa.

Na biyun, Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Chrome ma ya tsaya mata a lamba 109, duk ɓarakar da aka gano bayan nan a buɗe take. Windows 10 ita ma wa'adinta ya cika 14 ga Oktoban 2025, duk da Defender ɗinta na ci gaba da samun afdet, don haka ta fi 7 nesa ba kusa ba. In injinka zai ɗauki Windows 11 a sa maka, tana buƙatar RAM aƙalla 4GB da wani ɗan na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, tsofaffin laftof da yawa ba su da shi. In ba zai ɗauka ba kuma aikinka bai wuce rubutu da intanet ba, ka sa a gwada maka Linux Mint a madadin Windows, kyauta ce, kuma wannan bairos ɗin shotkot ba ya tashi a kanta. Turo min samfurin laftof ɗin da girman RAM ɗinta in faɗa maka wacce za ta ɗauka.