Me ya sa kullum bos ke gamawa da ni a Slay the Spire?

Tambaya: Salam malam. Ina buga Slay the Spire, gem ɗin faɗa da kati, a waya, da jarumin nan Ironclad nake yi. Ƙananan dodanni ba sa ba ni wahala, amma da na kai wajen bos sai a gama da ni, musamman koren nan mai rabewa biyu, in ma na tsallake shi to Champ na jirana a zango na biyu. Kuma duk kati mai kyau da aka ba ni ɗauka nake. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ai ka faɗi rabin matsalar da bakinka, wannan ɗaukar kowane kati da kake yi. Amma bari mu fara daga taswira tukuna.

Da ka shiga sabon zango, ja taswirar har can sama, hoton bos ɗin da za ka haɗu da shi yana nan tun kafin ka taka ɗakin farko. 'Yan Mega Crit da suka yi gem ɗin da gangan suka nuna maka shi, amma mutane da yawa ba sa ko dubawa sai sun iso ƙofarsa. Daga nan duk lokacin da aka jero maka kati uku ka zaɓa, tambayar da za ka yi wa kanka ita ce wannan katin me zai yi min a gaban wancan bos ɗin? In babu amsa, tsallake. Akwai maɓallin tsallakewa kuma ba abin kunya ba ne. Kati biyar kawai kake ja a kowane zagaye, kuzarinka uku, to in ka tara kati arba'in yaushe wanda kake buƙata zai zo hannunka a daidai lokacin da ake shirin narka maka duka? Haka in ka shiga shago, cire kati na farko gwal 75 ne, kowane na gaba ana ƙara 25, kuma sau da yawa cire Strike ɗaya, wato ƙaramin katin harin da ake farawa da shi, ya fi sayen sabon kati amfani.

To koren naka, Slime Boss, jininsa 140 ne a matakin farko na wahala. Zagayen farko ya watsa maka katunan yauƙi, na biyu ya yi shiri, na uku ya sauke maka 35. Da jininsa ya sauko rabi sai ya rabe biyu, kuma nan ne ake cin mutane, don kowanne daga cikin biyun yana fitowa ne da adadin jinin da ya rage wa uban. Ka ga in ka yi ta tsakurarsa har ya kai 69, ka haifo dodanni biyu masu 69 kowanne, kusan ka dawo farko ke nan kuma yanzu su biyu ne ke dukanka. Dabarar ita ce ka kai shi kusa da rabi, kamar 85, ka tsaya, ka buga masa katin Bash don duka ya riƙa shigarsa da ƙarin rabi, zagaye na gaba ka zuba masa duk abin da kake da shi har da kwalbar wuta in kana da ita. In ya rabe a 35 faɗan ya zama wasa. Kuma rabewar tana soke dukan da ya shirya, saboda haka in ka iya tsallaka rabin a zagayen da zai sauke 35 ɗin nan ka huta. Cleave ko Whirlwind guda ɗaya a tarinka, mai dukan kowa lokaci ɗaya, ya wadatar don share 'ya'yan.

Hexaghost kuma, wani bos ɗin zangon farko, abin mamaki gare shi. Dukansa na zagaye na biyu sau shida ne, kuma da jininka ake lissafa shi: a raba jininka gida 12 a ƙara ɗaya. Ka zo da 72, kowane duka 7, jimla 42. Ka zo da 35, kowane duka 3, jimla 18. Shi ya sa a wutar ƙarshe kafin shi, wato wurin hutawa a taswira, ni na fi son in inganta kati da in kwanta hutawa, sai fa in jinin ya yi ƙasa sosai. Abin da ke kashe mutum a wajensa jan lokaci ne, katunan ƙuna suna taruwa har hannunka ya cika da su. Katin Disarm, mai rage ƙarfin abokin gaba, yana yi masa illa sosai tunda dukansa ƙanana ne masu yawa. Guardian, ɗayan bos ɗin zangon farko, ba shi da wani sirri, in ya dunƙule ya fito da ƙaya kowane katin hari da ka buga zai yanke ka, sai ka yi kariya ka jira ya buɗe.

Champ shi ne ke tona asirin tarin da ba ya girma. Jini 420, kuma katunan da suka ci maka zangon farko, masu duka takwas tara, ba za su kai ka ko'ina ba. Kana buƙatar abin da ƙarfinsa ke hauhawa yayin da faɗa ke tsawo, kamar katunan Inflame da Demon Form, ko guba in da jarumar nan Silent kake yi. A rabin farko Champ yana da ɗan sanyi, to a nan za ka kafa kayanka, kada ka yi gaggawar sauke shi ƙasa da 210, don da ya sauka zai wanke duk raunin da ka ɗora masa, ya ƙara ƙarfi, ya fara Execute mai duka biyu. Ka tsallaka layin ne kawai lokacin da ka san zagaye biyu ko uku sun ishe ka ka ƙarasa shi.

In Allah ya kai ka zango na uku, Time Eater yana yanke maka zagaye duk lokacin da ka buga kati 12 kuma ya ƙara ƙarfi, saboda haka ka riƙa kallon lambar da ke ƙarƙashinsa, kada ka bar ta a 11 ka shiga zagayen da zai yi babban duka da kati ɗaya tak. Awakened One kuwa ƙarfi yake ƙarawa duk lokacin da ka buga katin iko, wato irin su Inflame da Demon Form, a rayuwarsa ta farko, masu muhimmanci kawai za ka buga, sauran ka ajiye sai ya tashi a karo na biyu.

Sai maganar kwalaben magani, wallahi mutane nawa ke mutuwa da kwalba uku cike a aljihu suna jiran wata rana. A ƙananan matakan wahala in ka kashe bos jininka cika yake kafin zango na gaba, to ko da jini ɗaya ka fita daidai yake da wanda ya fita da 60. Sha kayanka a nan. Kuma ka daina kauce wa manyan dodannin hanya masu ƙaho a taswira, su ke ba da layu, wato kayan da ke ƙara maka ƙarfi har ƙarshen wasan, in jininka ya haura rabi kuma akwai wuta a gaba ka shiga biyu a zangon farko, da layun nan za ka tari Champ.