Tikitin jirgi mai araha: daga ina sauƙin yake fitowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin doguwar tafiya da ta haura awa goma a sama. Na duba kamfanoni biyu, gari ɗaya za su kai ni, amma kuɗin ɗaya bai wuce rabin na ɗayan ba. Maigidana ya ce araha ba ta ado, wai ƙila tsohon jirgi ne. Ni kuma kuɗin nake ji. Me ke kawo wannan tazarar?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki gaya wa maigida ya kwantar da hankalinsa game da tsufan jirgi, domin sau da yawa akasin haka ne. Man jirgi kan cinye kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da kamfani ke kashewa, wani lokaci ma fiye, kuma tsohon jirgi shi ya fi shan mai. Boeing 787 da ya fara ɗaukar fasinja a 2011 da Airbus A350 da ya biyo baya a 2015 an ƙera su ne don rage shan mai, saboda haka mai sabon jirgi shi ke da halin sassauta farashi. Idan zuciya ba ta natsu ba, Tarayyar Turai tana fitar da jerin kamfanonin da ta hana shiga sararin samaniyarta tun 2006. Ki duba ko sunan kamfanin yana ciki.

Ina kyautata zaton mai arahar nan zai yada zango a hanya, mai tsadar kuma kai tsaye zai tafi. A nan mafi yawan tazarar take. Emirates, wanda aka kafa a 1985, yana kwaso fasinjoji daga garuruwa da dama ya tara su a Dubai, sannan ya sake rarraba su. Haka Qatar Airways ke yi a Doha, Turkish Airlines a Istanbul, Ethiopian Airlines a Adis Ababa. Jirgin da zai tashi daga irin wannan matattara yana cika da mutanen da suka fito daga ko'ina, kuma cikakken jirgi shi ne riba. Bayan haka, ba wanda zai yarda ya zauna awa shida a filin jirgi in ba an rage masa kuɗi ba. Mai zuwa kai tsaye lokaci yake sayar miki, ya kuma san akwai 'yan kasuwa da ma'aikatan da za su biya ko nawa ne.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Boeing 777 a da kujeru tara ake jerawa a layi, yanzu yawancin kamfanoni goma suke sakawa. Kujerun alfarma na gaba, inda mutum ɗaya ke biyan kuɗin mutum uku ko huɗu, su ke ɗauke wa na baya nauyi. Ƙarƙashin ƙafafunki kuma hajar 'yan kasuwa ce, ita ma biya take. Albashin ma'aikata da harajin filin jirgi sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa; Birtaniya, alal misali, tana karɓar haraji a kan fasinjoji masu tashi daga ƙasarta tun 1994, kuma na doguwar tafiya ya fi yawa.

Har siyasa tana shiga. Tun Fabrairun 2022 Rasha ta rufe wa jiragen Turai sararin samaniyarta. Dole su zagaya idan za su gabashin Asiya, su ƙara awoyi da mai, alhali jiragen Sin suna ratsawa. A 2024 British Airways ya dakatar da zuwa Beijin, Virgin Atlantic ya bar Shanghai.

Shawarata, kafin ki biya ki buɗe sharuɗɗan tikitin. Akwati nawa aka ba ki, mai kilo 23 ɗaya ne ko biyu, ko kuwa jakar hannu kaɗai? Nawa ne sauya rana? Ana mayar da kuɗi? Ki haɗa duka ki sake kwatantawa. In har yanzu akwai rata mai kauri, kuma ba ki tare da jariri ko dattijo ko marar lafiya, ki ɗauki mai arahar ba tare da fargaba ba.

Tambaya: Malam, na gano idan na sayi tikiti biyu daban daga kamfanoni biyu zan fi samun sauƙi. Awa biyu ne tsakanin saukar na farko da tashin na biyu. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka saya. Wannan ita ce arahar da na fi ji wa mutane tsoro. Idan tafiyarka duka tana kan tikiti ɗaya, jirgin farko ya makara, nauyin kamfani ne ya saka ka a wani jirgin, kayanka ma su wuce ba sai ka taɓa su ba. Idan biyu ne daban, kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba. A wurinsa kai fasinja ne da bai zo ba, kuma yawanci har tikitin dawowarka zai soke.

Ka kuma lissafa abin da za ka yi cikin awa biyun nan: ka bi layin jami'an shige da fice, ka jira akwatinka, ka sake kai shi awo, ka sake bin layin bincike, ga shi ana rufe awon kaya kusan awa ɗaya kafin tashi. Tunda za ka fita ɗaukar kaya, shiga ƙasar ka yi ke nan, wataƙila sai da biza. Ba ka da ita, tun a filin jirgin farko za a hana ka hawa. In lallai sai ka raba, ka bar kwana guda a tsakani, ka sa kuɗin masauki a lissafi, ka ga ko ribar tana nan.

Tambaya: Kamfanonin da araha ce sana'arsu fa, ana iya dogara da su a doguwar tafiya?

Amsa: Ta fuskar lafiyar jirgi, doka ɗaya ce ke kansu da manyan. Damuwata ɗorewarsu ce. Laker Airways ya fara jigila mai rahusa tsakanin Landan da Niyok a 1977, ya durƙushe a 1982. WOW air na ƙasar Aislan ya tsaya cak a Maris na 2019, fasinjojinsa suka maƙale a filayen jirgi. Norwegian ya daina doguwar tafiya a farkon 2021. Wasu kamar Scoot na Singafo suna nan suna aiki. Idan za ka bi irinsu, kada ka sayi tikitin wata takwas ko tara gaba, ka biya da katin banki mai damar neman a dawo maka da kuɗi, ka kuma sayi kilon kayanka tun a intanet, domin a filin jirgi ya fi tsada.