Tambaya da Amsa: Majigi a Tsakar Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, tsakar gidana ya kai kimanin mita 6 a faɗi da mita 9 a tsawo, kuma yarana maza sun fara fita gidan kallon ƙwallo da dare, abin da hankalina bai kwanta da shi ba. Na yanke shawarar sayen majigi domin mu riƙa kallo a gida tare da iyali. A kasuwa na ga wani ƙarami da aka rubuta lumen 9,000 a kwalinsa, amma ya fi wani mai lumen 3,000 araha nesa ba kusa ba. Wanne ya kamata in saya, kuma me zan tanada bayan na'urar? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya shirya mana zuri'a. Kafin ka fitar da ko sisi, ka fita tsakar gidan bayan sallar Isha'i, ka kashe fitilun gida, ka duba bangon da kake son haskawa, ka ga ko fitilar titi, ko ta maƙwabta, ko ta shagon da ke ƙofar gida tana sauka a kansa. Dalili shi ne majigi haske kawai yake iya jefawa, ba ya iya jefa duhu, saboda haka duk wani baƙi da za ka gani a cikin hoto, duhun bangon ne da kansa. Idan bangon yana shan hasken waje, hoton zai fito a koɗe ko da na'urar ta miliyoyi ce. Wannan ne ya sa mafi yawan tsofaffin gidajen silima na Kano, tun daga Rex da aka buɗe a 1937, da yake fili ne ba rufi, ba sa fara nuna fim sai dare ya yi sosai.

Lumen shi ne ma'aunin ƙarfin haske, amma wancan 9,000 kada ya ruɗe ka. Ma'aunin da ake dogaro da shi shi ne wanda aka haɗa da ANSI ko ISO, wato sunayen hukumomin tsara ma'auni, domin shi ne ke auna hasken da ya sauka a kan allo. Masu ƙera ƙananan majigai marasa suna sukan rubuta hasken da ke cikin na'urar kafin ya ratso gilasai, ko ma su rubuta abin da suka ga dama, alhali abin da ke isa bango sau da yawa ɗaruruwa ne kaɗan. Abin ya kai har kamfanin Epson ya maka wasu daga cikinsu a kotu a Amurka kan irin wannan ƙari. Idan na 3,000 ɗin daga sanannen kamfani yake, irin su Epson, BenQ, Optoma ko ViewSonic, to ya ninka na 9,000 ɗin haske sau da dama.

Yawan hasken da kake buƙata ya danganta da girman hoton. Allo mai inci 100 daga kusurwa zuwa kusurwa faɗinsa mita 2.2 ne, tsayinsa kuma mita 1.25, kuma a cikin duhu sosai lumen 500 na gaskiya zai ba shi haske kwatankwacin na gidan silima. Tunda tsakar gida a gari ba ya rasa ɗan hasken da ke shigowa, ga kuma daren farin wata, ni dai ba zan ba ka shawarar ƙasa da 1,500 ba, in da hali 2,000 ko sama. Ka kuma sani cewa idan ka ninka faɗin hoto sau biyu, hasken zai bazu ne a kan fili ninki huɗu, saboda haka kwaɗayin cika bango duka shi ke dusashe hoto.

Akwai wata dabarar kwali da ta yi kama da ta lumen. Ana rubuta 1080 ko 4K da manyan baƙaƙe, wanda ke nufin na'urar tana iya karɓar irin wannan bidiyon, amma ainihin abin da take fitarwa yana can a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, wani lokaci ɗigogin hoto 800 a faɗi da 480 a tsayi kacal. Ka nemi wadda ainihin hotonta ya kai 1920 da 1080, ko aƙalla 1280 da 720, in ba haka ba sakamakon wasa da ke kusurwar allo da fassarar da ake rubutawa a ƙasan fim ba za su karantu ba.

Sai batun nisa. A takardar kowace na'ura akwai lamba irin 1.5:1, wadda za ka ninka da faɗin hoton ka sami inda za ka ajiye ta. Ga allon mita 2.2, hakan ya kama mita 3.3 daga bango, kuma tsakar gidanka ya wadatar. Ka ɗora ta a kan tebur mai ƙarfi tana fuskantar tsakiyar allon kai tsaye, domin gyaran karkata da ake yi da rimot yana rage kyan hoto. Ka kuma shimfiɗa tabarmin yara a gefe ko a baya, saboda kowa ya san abin da yaro ke yi idan ya ga inuwar hannunsa a bango.

Allon kansa ba sai ka sayo daga waje ba. Bango mai laushin filasta da aka shafa wa farin fenti na ruwa ya isa, amma ban da fentin mai, domin ƙyallinsa yana mayar da haske wuri guda ya cika ido. Idan bangon bulo ne tsirara, ka sa kafinta ya haɗa firam, a ɗame farin yadi mai kauri a kai, a sa baƙin yadi a bayansa don kada haske ya zarce, sannan a ɗaure shi ta kusurwa huɗu saboda iska. Baƙin layi mai faɗin tafin hannu a gefunan allon yana sa hoto ya ƙara fitowa a ido.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne sauti. Lasifikar da ke cikin majigi ƙarama ce, an yi ta ne domin ɗaki, kuma a fili murya watsewa take yi. Ka haɗa lasifika ta daban da kebul, ka ajiye ta a gindin allo domin magana ta fito daga inda fuskoki suke, saboda Bluetooth yakan jinkirta sauti har ka ga baki ya motsa kafin magana ta iso. Haƙƙin maƙwabtaka kuma yana nan, musamman a daren wasannin gasar zakarun Turai da kan kai sha ɗaya ko su wuce. Dikoda da kwamfuta suna shiga ta HDMI ba matsala, amma Netflix ba ya yarda a haska shi daga allon waya kai tsaye saboda kariyar mallaka, sai dai a sa ɗan sandan nan irin Fire TV ko Chromecast.

TAMBAYA: Unguwarmu ba a cika samun wuta ba, da sola da batir muke amfani, ga kuma ƙura lokacin hunturu. An kawo wa maigidana majigi na hannu mai ƙwai, irin wanda ake amfani da shi a ofisoshi. Ya dace da mu? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Hajiya, zai yi aiki, amma da sharuɗɗa, kuma da a ce ba a riga an kawo shi ba, da mai LED na ce ku nema. Mai ƙwai yana cin wat 250 zuwa 350, ƙwan yana yin zafi ƙwarai, kuma bayan an kashe shi fankarsa tana ci gaba da juyawa don ta huce shi. Idan wuta ta ɗauke farat ɗaya, fankar ta tsaya da ƙwan a zafinsa, hakan yana rage masa kwana, shi kuwa dama sa'o'i 3,000 zuwa 6,000 yake yi, alhali LED da leza suna kai 20,000. Saboda haka kada ku haɗa shi da wutar gari ko ƙaramin janareta kai tsaye, ku bi ta inbata mai kyau.

Lissafin batir ba shi da wuya. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da abin da zai ba da wat 1,200 na sa'a guda, amma irin na ruwa rabinsa kawai ya kamata a sha idan ana so ya daɗe. Majigin LED mai wat 100 tare da lasifika da dikoda za su ci kimanin wat 150, wato 450 a sa'o'i uku, batir ɗaya ya ɗauke su. Naku mai ƙwai zai kai kusan 1,000 ko ya haura a wannan lokacin, sai da batir biyu ko babba mai amfiya 200.

A kan ƙura, ku duba ko DLP ne ko LCD, wato nau'in fasahar da majigin ke haɗa hoto da ita. Na DLP hanyar haskensa a rufe take a mafi yawan samfura, don haka ya fi jure hazo. Na LCD yana da matacin iska da ya kamata a ciro a kakkaɓe a kai a kai daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in ba haka ba zai yi zafi ya kashe kansa. Ku gwada shi da farin hoto zalla: idan kun ga tabo mai ruwan ɗorawa ko duhu-duhu a wani gefe, cikinsa ya fara ƙonewa ko ƙura ta shige. Akwai kuma wurin da yake nuna sa'o'in da ƙwan ya yi, ko da yake ana iya mayar da lambar sifili, don haka idonku ya fi ta gaskiya. Da an gama kallo, a bari ya huce, a rufe gilashinsa, a shigar da shi ɗaki, kada ya kwana a waje ko da rani ne.

TAMBAYA: Idan na kafa majigi a gida, zan iya karɓar ɗan kuɗi daga samarin unguwa? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Malam, da zarar ka karɓi kuɗi, gidanka ya zama gidan kallo a idon hukuma. A Kano sai ka yi rajista da Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, kuma katin DStv na gida bai halatta nuna wa jama'a don kuɗi ba, akwai tsarin biya na 'yan kasuwa daban. Fina-finan ma sai da izinin masu su. Ka kuma nemi wani fili ko shago a wajen gida, domin tsakar gida wurin iyali ne.