Shin akwai fumfunar da ke zaune a cikin tsiro ba ta cutar da shi?

Tambaya: Malam, ni manomi ne, ina kuma taɓa kiwo. Iya sanina fumfuna ɓarna ce, ita ke lalata mana hatsi a rumbu. Sai ga ɗana da ke karatun aikin gona yana cewa wai akwai wadda ke zama a cikin jikin tsiro tana taimakonsa. Da gaske ne?

Amsa: Yaronka ya faɗi gaskiya, Malam. Akwai dangin fumfuna da ke shimfiɗa siraran zarensu a tsakanin ƙwayoyin ganye, kara ko saiwa, tsiron kuwa lafiya lau, ido ba zai ga komai ba. Masana na kiransu endofayit, wato mazauna cikin tsiro. Zaman na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne: tsiro ya ba da abinci da masauki, baƙuwa ta biya da kariya.

A gandun Yellowstone na Amurka akwai wata ciyawa da ke fitowa a ƙasa mai zafi kusa da maɓuɓɓugan ruwan zafi. Binciken da aka wallafa a 2002 ya nuna cewa idan tana tare da fumfunarta, mai suna Curvularia, tana jure zafin ƙasa har digiri 65 a ma'aunin Celsius. Da aka raba su, ba ciyawar ba fumfunar, babu wadda ta iya wuce digiri 38.

Amma tunda kana kiwo, labarin da ya fi shafarka shi ne na ciyawar fesku. A 1931 aka gano wani irinta a gefen wani tudu a jihar Kentucky, aka fitar da shi ga manoma a 1943 da sunan Kentucky 31. Ga jure fari, ga ƙwari ba sa iya mata, nan da nan ta cika makiyaya. Sai shanu suka fara rama. Da zafi su yi ta haki suna neman inuwa da ruwa, da sanyi kuwa kofato da bindin wasu su ruɓe su faɗi. Sai a 1977 wani mai bincike, Charles Bacon, da abokan aikinsa a jihar Georgia suka danganta ciwon da fumfunar da ke cikin ciyawar. Gubar da take fitarwa tana matse jijiyoyin jinin dabba.

To, a cire ta mana, a huta! Haka aka yi. Shanu suka murmure, ciyawar kuma ta zama raguwa: fari ya taɓa ta ta bushe, ƙwari suka samu sake. A ganina nan ne mutane ke kuskure in sun ji kalmar amfani. Fumfunar tsiron take yi wa aiki, a wajenta kuwa saniyarka da tsutsa duk maciya ganye ne.

Masu bincike a New Zealand, waɗanda tumakinsu ke tangaɗi saboda irin wannan matsala, su suka samo mafita. Sun zaɓo nau'o'in da ke korar ƙwari ba tare da sun yi wa dabba lahani sosai ba, irin su AR1, suka dasa su cikin ciyawa. Da yake wannan fumfunar ta cikin iri take bi daga uwa zuwa 'ya, manomi yana sayen iri ne da baƙuwarsa a ciki. Sai dai ba ta son ajiya mai zafi da laima: irin zai iya tsirowa sarai alhali ita ta riga ta mutu a cikin buhu.