Da Gaske Yaƙi Na Farfaɗo Da Tattalin Arziki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin tattalin arziki ne, kuma hankalina ya kasa kwanciya. Ƙasashe sai ƙara kasafin tsaro suke yi, talaka na kuka da tsadar rayuwa. Wasu sun ce kada mu damu, wai Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ceto Amurka daga karayar arzikin shekarun 1930, ga Rasha ma tana yaƙi arzikinta na haɓaka. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kana da hujjar damuwa. Cibiyar SIPRI, mai binciken harkokin makamai da zaman lafiya, ta ce a 2024 duniya ta kashe dala biliyan 2,718 kan harkar soja, ƙarin kashi 9.4 cikin ɗari a shekara guda. Amurka kaɗai biliyan 997.

Zancen nan na cewa yaƙi na kawo arziki, wallahi na gaji da jinsa. Duk mai sharhin da aka miƙa wa makirufo sai ya maimaita shi. Tushen ruɗin yana cikin ma'aunin GDP da kake karantawa a aji, wato jimillar abin da ƙasa ke samarwa a shekara: yana ƙirga abin da aka ƙera, ba ruwansa da abin da aka yi da shi. Makami mai linzamin da aka ƙera yau aka harba gobe ya shiga lissafi kamar injin ban ruwa. Injin zai shekara goma yana ciyar da mutane, makamin kuwa ya rushe gada, gyaran gadar ma a sake rubuta shi a matsayin haɓaka.

Dubi Amurkar da suke kafa hujja da ita. Gaskiya ne rashin aikin yi ya sauka ƙasa da kashi 2 a 1944. To amma a 1945 mutum sama da miliyan 12 ne ke sanye da kaki. Ka kwashe matasa ka kai su fagen daga, yaya alƙaluman marasa aiki ba za su faɗi ba? A gida kuwa an dakatar da ƙera motocin farar hula a 1942, fetur da sukari da nama sai da katin rabo. A 1946 bashin gwamnati ya zarce duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Kuma fa Amurka ce, wadda bam bai taɓa masana'antunta ba. Birtaniya sai a Disambar 2006 ta gama biyan bashin da ta ci wajen Amurka da Kanada a ƙarshen yaƙin.

Rasha ma haka. Arzikinta ya ƙaru da kusan kashi 4 a 2024, amma hauhawar farashi ta sa babban bankinta ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 21 a watan Oktoban shekarar. Wane ɗan kasuwa ne zai ci bashi a haka ya buɗe masana'anta? Ukraine kuwa, wadda Rasha ke yaƙa, kashi 34 na arzikinta ya tafi ga soja a 2024, kuma ƙiyasin Bankin Duniya da abokan aikinsa a 2025 ya ce sake gina ƙasar zai ci dala biliyan 524.

Ban ce ƙasa ta zauna ba tsaro ba. Mai gida na biyan mai gadi, kuma dole ne, amma ba ya rubuta albashin a shafin riba.

Sannan kuɗin yaƙi ba ya ƙarewa ranar da bindiga ta yi shiru. Akwai jinyar tsoffin sojoji, akwai kuɗin ruwan bashi. Masu bincike a Jami'ar Brown sun ƙiyasta yaƙe-yaƙen Amurka bayan hare-haren 11 ga Satumban 2001 da kusan dala tiriliyan 8. Yaƙin basasar ƙasar ya ƙare a 1865, amma fanshonsa na ƙarshe sai a 2020 aka daina biya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bin diddigi. Tun 2018 ake binciken asusun ma'aikatar tsaron Amurka duk shekara, ba ta taɓa tsallakewa ba. A wasu ƙasashen ko binciken ma ba a yi, kana tambaya a ce maka sirrin tsaro ne.