Dalilin da ya sa na ce ka sake gurza sarkin nan

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka tun la'asar, ina kasuwar katako ne wajen neman malaina shi ya sa ban amsa ba. Ka ce wai me ya sa na dawo maka da sarkin wasan ces (chess, irin darar nan mai sarki da sarauniya) da ka sassaƙa har sau biyu alhali doki da ya fi wahalar sassaƙa na karɓa ba musu, kuma wai mene ne cekmet ɗin da kake ji a waƙoƙi sannan ka ji malaman makarantar nan suna faɗa ranar da suka zo gwada allo a shago. Ai tambayoyin naka guda ɗaya ne.

Ka saba da dararmu ta gida mai rami talatin, inda ake cinye wa mutum 'ya'ya har ya kasa jera uku. To ita ces ba haka take ba, gida 64, 'ya'ya 32, ana cin kowa amma ba a taɓa cin sarki, ba ya barin kan allo har a tashi. Abin da ake yi shi ne a ritsa shi, an kai masa hari, ba gidan da zai matsa, ba wanda zai shiga tsakani ya kare shi, ba kuma halin a cinye wanda ya kawo harin. In ukun nan suka haɗu shi ne cekmet, wasa ya ƙare ko da kana da sauran mayaƙa cike da allo. In kuwa ba a kai masa hari ba amma kai mai shi ba ka da ko motsi ɗaya da doka ta yarda, wannan kunnen doki ne.

Kalmar daga Farisanci ta fito, shah mat, wato sarki ya rasa yadda zai yi, wasan kuma asalinsa Indiya ne, ya bi ta Farisa zuwa hannun Larabawa kafin ya kai Turai. Cekmet ɗin da ni ya fi taɓa min zuciya shi ne wanda ake yi a layin baya, sarki yana zaune a bayan sojojinsa uku yana ganin ya tsira, sai hasumiyar abokin karawa, wadda take tafiya miƙe a kan layi, ta sauko layin ta tsare shi, gaba kuma nasa ne suka toshe masa hanya, wallahi duk sanda na ga an yi wa yaro wannan sai na ji ba daɗi.

Shi ya sa mawaƙa suke son kalmar, mai waƙar soyayya yana nufin an kama shi ba mafita, mai habaici kuma yana nufin na rufe maka baki. A 2005 mawaƙi Jadakiss na Amurka da ya mayar wa mawaƙi 50 Cent martani sunan da ya sa wa waƙar kenan, irin zambon da mawaƙanmu suke yi wa abokin hamayya.

Yanzu dawo kan aikinka. Tunda idon mai wasa kullum yana kan sarki, dole ya gane shi da kallo ɗaya. Naka na farko tsayinsa ɗaya da sarauniya, na ajiye su gefe da gefe a kan benci ni kaina sai da na duƙa kafin na bambance. A tsarin Staunton, wato fasalin sassaƙa 'ya'yan ces da ake bi tun 1849, sarki ne mafi tsayi, wajen santimita 9.5, sarauniya tana ƙasa da shi kaɗan. Na biyun tsayi ya yi amma gindin ka rage shi da yawa, na taɓa shi da ɗan yatsa ya faɗi, kuma a wasan nan kwantar da sarki alama ce ta mutum ya sallama, ka ga in hannun riga ya ture shi ana tsakiyar wasa rigima ce tsakanin yara.

Gobe ka riga ni zuwa shago, ka ɗauki guntun madacin nan da ke bayan ƙofa na baƙin, malaina na farin. Ka auna da tef kafin ka kunna inji, ka bar gindin da faɗi, ka huda ƙasan mu sa masa dalma ya yi nauyi sannan a manna ƙyalle. Kar ka shafa banish sai na gani.