Filin Tambaya da Amsa: An ce a wanke masa jini, me ya sa kuma sai ya zauna wata uku?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara kaina ya kulle. Ƙanina ne, shekararsa 24, ya kai shekara uku yana shan tiramol da kodin, kwanan nan kuma muka gano har da ƙwayar barci yake haɗawa. Da ƙyar da siɗin goshi ya yarda muka kai shi asibitin gwamnati, sashen masu shaye-shaye, likita ya ce za su kwantar da shi kamar kwana goma a cire masa abin daga jiki, daga nan ya zauna a wurinsu kamar wata uku. To Mama ta ce ita kwana goman kawai ta yarda da shi, a wanke masa jini mu dawo da abinmu gida, wai wata uku a asibitin ƙwaƙwalwa ai sai a ce ya haukace. Wani kawunmu ma cewa ya yi ba sai an je asibiti ba, a kulle shi a ɗaki sati ɗaya zai bari. Ni wallahi na rasa wanda zan bi.

Daga wata mai karatu

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya wa yaron nan, kuma ki sani yardar da ya yi ya bi ku asibiti da ƙafarsa ba ƙaramin abu ba ne, kar ku bari ta tafi a banza.

Zan fara da maganar kawu don ita ce ta fi tayar min da hankali. Kar a kulle shi, sam. Tiramol da kodin ba dangin hodar iblis ba ne, dangin ofiyom ne, wato magungunan kashe ciwo masu sa maye, wanda ya saba da su idan ya tsaya lokaci guda cikin awa 8 zuwa 24 jiki zai fara bore, sai hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina, tsigar jiki na tashi, gumi, amai da gudawa, ciwon ƙashi kamar ana sara, ƙafafu kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya. Abin yakan ɗauki kwana 4 zuwa 10. Tiramol ma yana da nasa ƙarin, don yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa irin waɗanda maganin ciwon damuwa ke taɓawa, shi ya sa wasu idan sun bari sukan shiga firgici da ruɗewa har su riƙa ganin abin da babu. Amma wadda ta fi haɗari a cikin abin da kika lissafa ita ce ƙwayar barcin nan. Irin su diyazafam ba a yanke su rana ɗaya, a hankali ake rage su cikin makonni, in aka datse lokaci guda mutum zai iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma ana mutuwa a haka. Ki duba mini yaro shi kaɗai a ɗaki, an ja ƙofa an sa kwaɗo, jijjiga ta kama shi da tsakar dare, waye zai juya shi kar ya shaƙe? Giya ma haka take ga wanda ya daɗe yana sha, kwana biyu zuwa uku bayan ya bari ne ruɗewa mai tsanani ke zuwa. Don haka ki faɗa wa likita duk abin da yake sha, kar ku ɓoye ko ɗaya don kunya.

Sai maganar wanke jini. Mutane suna faɗin haka amma ba wata na'ura da za a jona masa ta tace jininsa ya fito fes. Hanta da ƙoda ne ke fitar da ƙwayar da kansu, aikin asibiti a waɗannan kwanakin shi ne su riƙe shi ya tsallake wahalar lafiya, ana auna hawan jininsa da bugun zuciya, a sa masa ruwa in gudawa ta tsotse shi, a ba shi maganin amai da na ciwo, a riƙa rage ƙwayar barcin bisa tsari, a gwada hanta da ƙoda da sauran cututtuka. Na taɓa zama kusa da wani saurayi a kwanansa na uku a irin wannan ɗaki, bargo biyu aka rufa masa yana karkarwa ga gumi ya jiƙa zanin gado, yana roƙon nas da Allah da Annabi ta ba shi ko rabin ƙwaya ce. A kwana na takwas na same shi zaune yana cin abinci yana dariya, mahaifiyarsa na ta hamdala tana haɗa kaya wai ya warke.

Nan ne fa gizo ke saƙar, kuma nan nake so ki zaunar da Mama. Ranar da ya yi kyan gani ɗin nan ita ce ranar da ya fi kowace haɗari. Kin ga da, jikinsa ya saba, yana iya afa ƙwaya mai yawa ya miƙe ya yi tafiyarsa, alhali ko mara lafiyan da likita ya rubuta wa tiramol ba a so ya wuce miligiram 400 a yini. Bayan kwana goma ba ya sha wannan sabo da jikin ya yi ya zube, amma ƙwaƙwalwa ba ta manta ba, kwaɗayin yana nan daram. In ya koma gida ya tarar da abokan nan, lambar dilan nan tana cikin wayarsa, barci ya ƙi zuwa dare uku a jere, sai ya ce bari in sha sau ɗaya kawai, kuma adadin da ya saba da zai ɗauka. Jikin ba zai iya ba, numfashi ya yi ƙasa, musamman in ya haɗa da ta barci. Da yawa daga waɗanda ake rasawa a makonnin farko bayan sallama ake rasa su.

Zaman wata ukun nan shi ne ainihin maganin. A nan ne likitan ƙwaƙwalwa zai iya ganin yaron na gaskiya bayan hayaƙi ya washe, ko akwai ciwon damuwa ko fargaba ko wani tsohon ciwon rai da yake dannewa da ƙwaya tun farko, don in ba a taɓa wannan ba an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. A nan zai koyi gane abin da ke tsokano masa kwaɗayin, wane lokaci, wane mutum, wane ɓacin rai, da abin da zai yi a minti goman da abin ke taso masa. Zai zauna da 'yan uwansa masu irin matsalarsa su yi magana ba mai yi wa wani gori, barcinsa ya dawo daidai, ya saba da tashi da kwanciya a kan lokaci. Likitan ma bai ƙirƙiri wata ukun da ka ba, cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka, NIDA, ta daɗe tana cewa jinyar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne. Su ɗin dai sun ce kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinya sukan sake komawa, kusan daidai da yadda mai hawan jini ko asma ke samun ciwonsa ya tashi. Na faɗa miki wannan ne don in ya yi tuntuɓe wata rana kar ku ce an yi asara, a mayar da shi wurin likita da wuri kawai.

Tsoron Mama na fahimce shi, uwa ce, kuma bakin mutane ba daɗi. Amma ki tambaye ta cikin ladabi, yanzu da yake layi a hanya idonsa ja, mutanen ba sa gani ne? Kwanciya a wannan sashe ba ta nufin hauka, kuma ma'aikatan asibiti haƙƙi ne a kansu su rufe sirrin mara lafiya. Ba dole ba ne kowa ya san inda yake. In da hali ki tafi da ita ta ji daga bakin likitan, ta ga ɗakin da idonta, sau da yawa abin da uwa ke hasashe ya fi abin da ke wurin muni.

Ranar da za ku koma ki riƙe 'yan tambayoyi a takarda. Yaushe ake ziyara, kuma akwai zaman da ake yi da iyali? Bayan sallama sau nawa zai riƙa dawowa ganin likita? Ki tambaya ko shi ya dace da magungunan da ake ɗora masu shan dangin ofiyom a kai na tsawon lokaci, metadon da bufirenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2005, don ga mutane da yawa su ne ke tsare su daga komawa. Ki kuma nemi a koya muku amfani da nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwayar dangin ofiyom ta danne wa numfashi, ku ajiye shi a gida kafin ya dawo. Lambar dilan nan kuma a goge ta a gabansa da yardarsa, ranar da za a miƙa masa wayarsa.